Ciyar da Karnukan Unguwa: Shin In Daina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saba zuba ragowar tuwo a ƙofar gida da daddare saboda kuliyoyi da wasu karnuka da ba a san masu su ba, amma maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa cewa ina jawo wa 'ya'yansu cuta. Shin in daina? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Niyyarki ba abar zargi ba ce, domin hadisi ya tabbata game da mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sai dai koken maƙwabtanki ma yana da tushe, kuma tushensa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, irin waɗanda ke jifan kare idan yana cin abinci. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya mutum ya rayu.

Tuwon da ya kwana a ƙasa kuma ɓeraye yake tarawa, su ne masu yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsu. Saboda haka ki riƙa zubawa a kwano, nesa da inda yara ke wasa, ki ɗauke abin da ya rage kafin ki kwanta.

Batun karnukan ya fi ƙarfinki ke kaɗai. Tunda magana ta riga ta je gaban mai unguwa, ki roƙe shi ya nemi jami'an asibitin dabbobi su zo su yi musu allurar riga-kafi, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take sarrafawa. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, yaɗuwar cutar tana yankewa. Kafin a yi hakan, ni a ganina gara ki dakata da ciyar da su a ƙofar gida.

Idan kuwa kare ya ciji wani, ko kyanwa ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar domin allura, ko da raunin bai kai ya kawo ba.