Igiya ɗaya ko biyu? Amsar maigida ga yaronsa

Ka ce ka ga maharban Amurka a bidiyo, mutum na rataye a jikin bishiya da igiya ɗaya tal, yana juyawa hagu da dama da bakansa, alhali ni ko mangwaro ba na barin ka hau sai da igiya biyu. Kana son sanin ko su ne suka fi mu masu sare rassa sanin aiki, ko ni ne na cika tsoro. To ɗana, bidiyon bai nuna maka rabin aikin ba.

Waɗancan mutane barewa mai farin wutsiya suke dako, galibi a watannin Oktoba da Nuwamba. Suna hawa kamar mita 6 don kada ta gan su ko ta jiyo warinsu. Abin da suke zama a ciki ɗamara ce mai faɗi da ke tallafe mazaunai kamar majanyi, suna ce mata sirdi. A gabanta akwai gajeriyar igiya daga ƙugun dama zuwa na hagu, ita ce gada. Sai babbar igiya da ake zarge wa a gangar bishiya daidai goshi, a ɗaura mata ƙullin Prusik, mai zamewa da hannu amma ya cije in nauyi ya hau shi, wanda wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931. Ƙugiya mai makulli, wato karabina, ita ke haɗa ƙullin da gadar. Ƙafafu kuma suna kan ɗan farantin ƙarfe da aka ɗaure a jikin itacen.

Abin da ba ka gani ba shi ne hawan, don kafin asuba suke yin sa, cikin duhu da sanyi, hannu cikin safa. A lokacin akwai wata igiyar da ta zagaya bayan bishiya ta kama ƙugu biyu, irin ta ma'aikatan wutar lantarki a kan fal. Da ita yake hawa. In ya kai sama sai ya zarga babbar igiya, ya sakar mata nauyinsa gaba ɗaya, ya ji ta riƙe, sannan ya kwance ta farkon. Wajen sauka ya juya tsarin. In reshe ya tare masa hanya, sai ya ɗaura ɗaya a saman reshen kafin ya cire ɗayar. Mafi yawan faɗuwar maharba daga bishiya a hawa da sauka da wannan canjin take faruwa, ba a zaune ba. Ka ga ashe su ma da biyu suke aiki.

Ba ƙarfin igiya ne ke damuna ba. Ɗauko karabinarka ka duba bayanta, za ka ga lambobi uku. Lambar farko ta ce in nauyi ya hau ta a tsawonta tana ɗaukar kN 20 (kilonewton, ma'aunin ƙarfi) ko fiye, kusan tan biyu ke nan. Amma in ta karkace nauyi ya hau ta a gicciye, ko bakinta na buɗe, lambar takan sauko wajen 7. Kayan kirki da wuya su tsinke haka kawai. Abin da ke kayar da mutum shi ne makullin da bai murɗa ba, da Prusik da ya sulale ya fita ta wutsiyar igiya don ba a yi ƙullin tsayawa a ƙarshe ba, da ƙugiyar da aka maƙala a madaukin rataya kaya ana zaton na ɗaukar mutum ne. Igiya ta biyu saboda hannunka aka yi ta, ranar da ka gaji ko kake sauri.

Sai dai ba kowace igiya ta biyu ce ke ceto ba, nan nake so ka buɗe kunne. Igiya biyu a karabina ɗaya, igiya ɗaya ce. Igiya biyu a reshe ɗaya da gara ta cinye cikinsa, ita ma ɗaya ce. Ka bi layin daga itace zuwa jikinka, kana tambayar kanka a kowace mahaɗa: in wannan ta saki, me zai riƙe ni? Maharban da suka san abin da suke yi haka suke lissafi. Wani yana ƙara gada ta biyu. Wani yana ɗaure wutsiyar babbar igiya a madaukin ƙugunsa, yadda ko ƙulli ya zame, ko gada ta yanke, yana nan haɗe da bishiya. Wani kuma ba ya cire igiyar hawan sam, rage ta kawai yake yi. Akwai masu cewa yawan igiyoyi na harɗe mutum har ya kwance wadda ba ita yake nufi ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Shi ya sa namu biyu ne, launi daban-daban, ba huɗu ba.

Na biyu, kada ta yi sako-sako. Waɗannan igiyoyin ba sa miƙewa. In ka faɗo ko da rabin mita ne kafin ta cafke ka, fizgar da za ta bugi ƙugunka ta ninka nauyinka sau da yawa. Ƙa'idar Turai ba ta yarda fizgar ta wuce kN 6 a jikin mutum ba, ta Amurka kN 8, wannan ma da cikakkiyar ɗamara mai kama kafaɗu. Sirdi kuwa don zama aka yi shi, ba don tare faɗuwa ba, yana iya kifa ka kai ƙasa. Ƙaramin ƙarfen nan mai haƙora da wasu ke sawa a madadin Prusik, fizga mai ƙarfi na iya sa ya yage rigar igiya. Saboda haka kada ƙugunka ya taɓa wuce inda ka ɗaura, kuma duk takun da ka yi sama ka janye rarar.

Ga kuma inda muka bambanta da su. Maharbi zaune yake shiru, abu mai kaifi a hannunsa bakin kibiya ne kawai, shi ma yana kaffa-kaffa da shi kusa da igiya. Kai injin yanka ne a hannunka, yana ci tsakaninsa da igiyarka bai fi kamu ɗaya ba, igiyar da ke ɗauke da nauyi kuwa taɓawa ɗaya ta ishe ta. A can Amurkan ma, ƙa'idar masu sare rassa, ANSI Z133, ta ce mai kunna inji a kan bishiya ya kasance a ɗaure ta hanya biyu. Ka sa ta biyun inda sarƙar inji ba za ta same su tare ba.

Kada kuma ka raina ta don ita ce ta ko-ta-kwana, ka ce tsohuwa ma ta isa. Shuɗiyar igiyar ledar nan ta kasuwa rana na cinye ta, ta jan guga ce, ba ta rataya mutum ba. Siririyar igiyar Dyneema da maharban ke yin gada da ita ƙarfi gare ta sosai, amma tana narkewa tun wajen digiri 150, gogayyar igiya da igiya na iya ƙona ta. Taka kuma kada na sake ganin ta a but kusa da batir.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe da safe kafin mu fita, ka kawo igiyoyin biyu gindin darbejiyar bayan shago. Taku ɗaya za ka hau, ka yi ta canjawa daga wannan zuwa waccan ina kallo, sannan ka rufe ido ka sake yi. Ka zo da safar hannu.