Tsohuwar motar gudu a zafin Sakkwato: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, irin waɗanda injinsu ke gaba, tayoyin baya ke tura su. Mun ɗauki biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗin mota mai ƙofa biyu. Dillali ya nuna mani ukku: Mercedes SLK 230 ta 2001, BMW Z3 mai silinda shida, da Nissan 350Z ta 2004, duk an hau su nan gida. Wacce kunka ga ta dace da ni? Ita kaɗai za ni mallaka. Daga wani matashi a Arkilla.

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Kafin ka kalli fenti ko ka saurari kukan salansa, tambayi kanka abu guda: injin nan yana da 'yan'uwa a titunanmu? Motar da ta haura shekara ashirin dole ta nemi kayan gyara, kuma wadda kayanta ke Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba ɗaya take da wadda sai an jira jirgi ba.

A wannan ma'aunin SLK ce a gaba. An ƙera wannan samfurin daga 1996 zuwa 2004, injinta M111 ne mai silinda huɗu, dangin wanda ke cikin C180 da C200 da bakanikenmu suka saba da su tun tuni. Rufinta kuma na ƙarfe ne mai naɗewa cikin but, wanda ya fi rufin tamfol jure ranar Sakkwato nesa ba kusa ba. Amma rufin nan shi ne inda kuɗi ke tafiya. Sa dillali ya buɗe shi ya rufe sau uku a jere a gabanka. Kowane zuwa bai kamata ya wuce rabin minti ba, kuma kada ya tsaya a tsakiya. Sannan ka shafa silin ɗin sama da gilashin gaba, ka ɗaga kafet ɗin but. In ka ji danshin mai, silindojin da ke ɗaga rufin sun fara yoyo. Ka kuma cire soket ɗin wayar da ke gaban kan inji, wajen maganaɗisun kamshaf, ka leƙa ciki. In akwai baƙin mai, yana bin cikin waya ne sannu a hankali har ya kai ga birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji.

350Z ta fi su ƙarfi, doki 287 take da shi a wannan shekarar, injin VQ35DE mai lita 3.5, wanda ke cikin Infiniti G35 da FX35 da Pathfinder. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinta, don haka babu fargabar tsinkewar bel. Matsalarta uku: tana shan fetur, cikinta na kusa da ƙasa ƙwarai, kuma da wuya ka sami wadda masu ita na baya ba su gasa mata aya a hannu ba. Duƙa ka shafa gefen ciki na tayoyin gaba. Na 2003 da 2004 sun shahara da cinye taya ta nan. Ka sa wani ya taka mai da ƙarfi kana tsaye a baya, shuɗin hayaƙi na nufin tana ƙona baƙin mai.

Z3 kuwa karanta amsar da ke biye, ta isa.

Tunda mota ɗaya za ka mallaka, mu dai SLK za mu ce, in rufinta lafiya yake. Kowacce ka zaɓa, je ka gan ta sau biyu: da sassafe inji na sanyi, don ka ji yadda take tashi, sannan da azahar ka bar ta tsaye tana aiki da AC a kunne minti ashirin, idonka a kan allurar zafi. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara wajen saye. Ware kashi ɗaya cikin uku don gyaran watannin farko, domin zai zo.

Ina da Z3 mai lita 2.8. Kan hanyar Birnin Kebbi lafiya lau take, amma da na shigo gari na tsaya cikin cunkoso sai allura ta haura. Bakanike ya ce a cire tamostat, a ɗaure fanka kai tsaye, wai haka aka yi ma duk motocin Turai a ƙasar zafi. In yarda? Daga wani mai karatu a Mabera.

Malam, kada ka yarda. Mun san wannan shawara ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma ta kashe injuna da yawa.

Ga dalili. Tamostat ɗin wannan injin ƙofa biyu yake tsarewa. Idan inji ya yi zafi, yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda kuma yana toshe wata gajeruwar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya je ya huce ba. Ka cire shi, gajeruwar hanyar ta zauna a buɗe, wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagayawa da zafinsa. Da sanyin hunturu kuma injin ba zai kai zafin aikinsa ba, birenbos ya yi ta ƙara fetur, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai.

Abin da ka bayyana ma ba ciwon tamostat ba ne. Mota mai sanyi a kan gudu, mai zafi a tsaye, iska ce ba ta ratsa lagireto. Fara da fankar inji. Bayan ka yi tafiya inji ya yi zafi, kashe shi, ka tura fankar da hannu. Lafiyayya za ta yi maka tauri ta tsaya nan take. In ta yi ta juyi sakaka, kulocinta ya mutu, a sauya shi. Sai fankar lantarki da ke gaba: kunna AC, ya kamata ta tashi. In ba ta tashi ba, a duba fis da rile da na'urar jin zafi kafin a ce motar fankar ce ta ƙone.

Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne tsakanin lagireto da kondensan AC. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana haɗuwa da ciyayi da leda da gashin tsuntsu ta zama kamar tabarma a wannan ratar, daga waje kuma ba a ganinta. A sassauta lagireto a karkato shi, a wanke da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana kwantar da siraran ganyayyakin. Yi wannan kowane Maris, kafin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40.

Bayan haka, ka san cewa kayan ruwan BMW na wannan zamanin roba ne da yawansu: tankin ruwa, wuyan lagireto, da fuka-fukan wasu famfunan ruwa. Roba mai shekara ashirin ba ta gargaɗi, fashewa kawai take yi. In ba ka san yaushe aka sauya su ba, sauya su gaba ɗaya rana ɗaya, da tiyo biyu manya, da murfi mai lamba daidai da na asali. Matsin da murfin ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, don haka murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai ya isa ya jawo obahitin. Injin na cin ruwa kimanin lita goma: rabi kulan, rabi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Ruwan rijiya da na burtsatse yana barin farin dutse a bututun lagireto, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Wajen zubawa a juya hita zuwa ƙarshen zafi, a kwance ƙaramin sukurun fitar da iska, a yi ta zubawa har ruwa ya fito ba kumfa.

Ranar da allura ta shiga ja, tsaya nan take ka kashe, ko da gida saura layi biyu. Kan injin alminiyom ne, dogo, minti kaɗan ya ishe shi ya lanƙwashe.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar Porsche 944 ta 1986. Shekara shida tana aje cikin gida. Ƙannena na son a sa batir a tashe ta. Ni ce babba, kuma ina son ta koma titi saboda shi. Mi za mu fara yi? Daga wata baiwar Allah a Runjin Sambo.

Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya sa Aljanna ce makoma. Abu na farko, ki karɓe makullin ki adana. Kada kowa ya murza shi.

An ƙera 944 daga 1982 zuwa 1991. Injinta mai lita 2.5 yana gaba, giyabos kuma yana can baya tsakanin tayoyi, wani dogon bututu ya haɗa su, shi ya sa nauyinta ya rabu kusan daidai kuma take da daɗin sarrafawa a kwana. Sai dai taimin ɗinta bel ne na roba, injin kuma irin wanda in bel ya tsinke fistin ke dukan bawul ne. Bel ɗin da ya shekara shida a zafin nan ya bushe ko da ya yi kyau a ido. Murzawa ɗaya na iya lanƙwasa bawuloli.

A fara da zubar da tsohon fetur duka, a wanke tanki, a sa sabuwar matatar fetur. A sauya tiyon fetur da ke cikin bonet, domin suna bi ta saman bututun hayaƙi mai zafi, kuma tsagewarsu gobara ce. A cire fulogi huɗun, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu da soket mai lamba 24. In ya juya sumul, alhamdu lillahi.

Sai babban aikin. Bel biyu ne a gaban injin, na taimin da na wasu sanduna biyu masu kashe girgiza. A sauya duka biyun tare da rololinsu, da famfon ruwa, da sil ɗin gaba, tunda hanya ɗaya ce. Bakanike ya kula da alamomin sandunan nan; in aka ɗaura su a karkace motar za ta yi ta karkarwa, karkarwar kuma kan tsaga bututun da ke zuƙo mai daga kwanon ƙasa. Bayan tafiyar kilomita kamar 2,500 a koma a sake ɗaure bel ɗin, daga nan kuma sauyi duk shekara huɗu ko kilomita 48,000, wanda ya riga zuwa.

Ki sa a buɗe tankin ruwa. In ruwan ya koma kamar shayi da madara, yawanci sil ɗin na'urar sanyaya mai ne ya mutu, ba lallai gasket ɗin kai ba, kada a yi gaggawar buɗe inji. In kuma an buɗe, kada a bari a kai bulok ɗin wajen masu boring na yau da kullum: bangon silindarta haɗin alminiyom da silikon ne, ba a goge shi yadda ake yi wa na ƙarfe. Baƙin mai 20W-50, kusan lita shida. Man birki DOT 4, a zubar da tsohon gaba ɗaya. Akwai wani ƙaramin rile da ake kira DME, mai ba famfon fetur wuta. Ki sayi biyu, ɗaya ya zauna a aljihun mota, don shi ne ya fi kashe wannan motar a hanya.

Gaskiyar da ya kamata ki sani tun yanzu: kusan duk kayan nan sai an yi odarsu daga Jamus, Ingila ko Amurka da lambar shasi. Ki haɗa su a oda guda, kuma ki nemi bakanike mai haƙurin duba littafin gyara, ko da bai taɓa ganin irinta ba. Ya fi wanda zai ce duk mota mota ce. Aikin ya cancanta, jikinta ma an yi masa rufin hana tsatsa tun daga masana'anta, ga busasshiyar iskar Sakkwato.

Na taka mai ina fita shataletale sai bayan motar ya juya, na dawo ina kallon inda na fito. Motar ce ke da matsala? Daga wani ɗalibi.

Allah ya kiyaye gaba. Ka saba da mota mai jan gaba, wannan kuwa daga baya ake tura ta, kuma gefen kwaltarmu ba ya rabuwa da yashi. Ƙa'idar ita ce birki kafin kwana, mai kuma sai sitiyari ya fara miƙewa, a hankali. In baya ya zame, sassauta ƙafa ba da fizga ba, ka kalli inda kake son zuwa, ka juya sitiyari can. Ruwan farko na damina ya fi kowanne santsi. Kada ka kashe maɓallin hana zamewa in tana da shi.

Duba tayoyinka kuma. A gefen kowacce akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta wuce shekara shida ta ƙeƙashe ko da zanenta na nan, kuma sababbin biyu a baya ake sa su. Tudun rage gudu kuwa a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, don cikin motar bai kai taƙi guda daga ƙasa ba.

An yi mani tayin wata mota da arha, an ce daga Japan ta zo aka mayar da sitiyarin hagu, takardun kwastan kuma wai za su biyo baya.

Bar ta, Alhaji. Mayar da sitiyari na nufin an yanke an yi walda a wajen rak da fedar birki, a motar da aka yi don gudu. Batun takardu kuma, a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma jami'an kwastan na tare hanya suna tambaya, balle a jihar da ke da iyakar Illela. Kowace mota za ka saya, ka gwada lambar shasin da ke jikinta da ta takarda harafi bayan harafi, ka kai takardar biyan kuɗin fito ofishin kwastan su tabbatar da ita kafin ka biya ko sisi.