Ina haddace kalmomin Turanci suna zubewa, ina mafita?

Tambaya: Malam, ina shirin zana jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, don neman gurbin digiri na biyu a Ingila. Kullum ina haddace manyan kalmomi daga ƙamus, amma kafin mako ya zagayo duk sun zube. Ina mafita?

Amsa: Malama, da farko ki daina hadda daga ƙamus. An yi shi ne don a duba a rufe, kuma yawancin abin da ke ciki ba zai taɓa fito miki a jarrabawa ba. Ki nemi jerin da ake kira Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar a 2000. Tushen kalmomi 570 ne da rassansu, irin su "derive" da "significant", kuma su kaɗai suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Yana nan kyauta a intanet, an kasa shi gida 10, gidan farko shi ne na waɗanda suka fi yawan fitowa.

Inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe shi ne son dogon Turanci. Sai mutum ya tsinto wata jibgegiyar kalma ya cusa ta inda ba muhallinta ba, yana zaton ya burge mai maki. A rubutun IELTS, sanin kalmomi shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na makin, kuma cikin abubuwan da ake dubawa akwai ko kalmar ta zauna daidai da maƙwabtanta. Bature yana cewa "conduct research", ba ya cewa "make research", komai daɗin da ta yi wa kunnenmu. Don haka kada ki rubuta kalma ita kaɗai a littafinki. Ki kwafo ta cikin jimlar da kika tsince ta, daga jarida ko mujallar kimiyya, sannan ki ƙirƙiri taki jimlar a ƙarƙashi. A ganina biyar a rana ta wannan hanya sun fi ashirin na hadda da ka.

Zubewar kuwa ba ke kaɗai ba ce. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san hadda ba ta zama sai da tilawa. Ki waiwayi kalmar washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kina rufe ma'anar kina tambayar kanki. Manhajar Anki tana tsara wannan tazarar da kanta, amma 'yan katuna na takarda ma sun wadatar.

Duk ƙarshen mako ki sa agogo, ki rubuta muƙala mai kalmomi aƙalla 250 cikin minti 40, kamar yadda za a nema a kashi na biyu na rubutun, ki yi amfani da waɗanda kika koya a makon. Wadda ta ƙi zama a jimla, ki mayar da ita cikin katunan gobe.