Ga mai tambayar ɗigogin da ke ɓacewa a p5.js

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce a p5.js, manhajar yin zane da kod ɗin JavaScript, ka zuba ɗigogi 300 suna jan juna kamar taurari, bayan 'yan daƙiƙu sai su watse, allo ya koma baƙi ƙirin, kuma ko jan rubutun kuskure babu. Na sha wannan ɗacin.

Je ka duba layin da kake raba ƙarfin jan da nisa sau nisa. In ɗigo biyu suka matso dab da juna, nisan ya kusa sifili, ƙarfin sai ya yi tashin gwauron zabi, ɗigon ya harba waje. In kuwa suka hau kan juna cak, ka raba sifili da sifili ke nan, lissafi ya koma NaN, wato "ba lamba ba", JavaScript kuma ba zai ce maka uffan ba. Ɗigo ɗaya mai NaN ya isa ya shafa wa sauran duka, tunda kowa da matsayinsa yake lissafi. Sa constrain, umarnin da ke yi wa lamba iyaka, a kan nisan, kada ya gaza 5 misali. Ka kuma tabbatar ɗigo ba ya jan kansa a cikin madaukin da ke bin ɗigogin ɗaya bayan ɗaya.

Ni a gaban jama'a abin ya same ni. Sati uku ina fama, rabin aikin a shagon mai caji na yi shi saboda rashin wuta. Aka ba ni minti goma a wani taron masu koyon kod, aka haɗa kwamfutata da majigi. Ɗigogin suka fara kewaya gwanin sha'awa, har wani ya ce masha Allah. Sai ɗif. Na sake kunnawa, ɗif. Gumi ya jiƙe mini riga, hannuna na rawa a kan madannai. Wani da ke layin gaba ya ɗaga murya ya ce, "To malam, ina zanen?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Abin takaicin, shi ɗin ne ya biyo ni a waje yana roƙon in tura masa kod ɗin "ya taya ni dubawa". Bayan wata biyu na ga hotunan a shafinsa, ya sauya launi kawai, ko sunana babu. Na ce na bar shi da Allah, amma ka ga har yau ina maganar.

Af, na tuna. A kowane zagaye na draw, sashen kod da ke ta maimaita zana allon, fara sabunta gudun ɗigo, sannan ka matsar da ɗigon da sabon gudun. In ka juya su, kuzarin ɗigogin yana ta ƙaruwa a ɓoye har kewayen ya buɗe. In har yanzu yana tsalle, raba takin da ɗigo ke yi a zagaye ɗaya gida huɗu. Sai dai ka tausaya wa na'urarka: ɗigogi 300 haɗuwar bibbiyu 44,850 ce a kowane zagaye, sau 60 a daƙiƙa. Fara da 50 tukuna.

Kuma don Allah sa randomSeed, wanda ke sa zane ya sake fitowa yadda yake in ka ba shi lamba ɗaya, ka rubuta lambar a takarda. Akwai wani zane da ya fito mini wajen ƙarfe biyun dare, kamar zubin aikin wuyan babbar riga, aka ɗauke wuta, batirina kuma ya daɗe da mutuwa. Har yau zanen bai dawo ba.

Liƙo mana wurin da kake lissafin jan mu gani. Wurin kawai, kada ka saki duka.