Agola da gadon mijin uwa: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ina ɗan shekara huɗu mahaifiyata ta auri mutumin da nake kira Baba. Shi ya raine ni, sunansa ne ma a takardun makarantata. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Yanzu 'ya'yan uwargidansa sun sa kwaɗo a ɗakin da na gina da kuɗina a cikin gidan, wai agola ba ya gado. Ina so in kai su kotu a ba ni rabona.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya saka masa da alheri kan riƙon da ya yi maka. Amsata ta dogara ne kan abin da ka faɗa kawai, kuma na ɗauka da shari'ar Musulunci za a raba gadon.

Ɗan'uwa, kalmar “rabona” ce matsalar. A kan gado, gaskiyarsu ce, ko da yake ba su faɗe ta da ladabi ba. Abin da ke sa mutum ya ci gado shi ne dangantakar jini ko aure, riƙo ba ya cikinsu komai daɗewarsa. Sunansa a takardunka bai mayar da kai ɗansa ba. Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta yanke wannan magana. Ko da matarsa ce ta shayar da kai, shayarwa aure take haramtawa, ba ta jawo gado. In ka shigar da ƙara a matsayin magaji, mai yiwuwa a zaman farko a kore ta.

Amma ɗakin wani zance ne daban. Ana fara biyan bashin mamaci, sannan wasiyya, sannan a raba saura. In kana da shaidar cewa kuɗinka ne, ana iya duba cewa kana bin dukiyar haƙƙi. Na ce ana iya, don su ma za su ce gudummawa ka ba Baba. In kuma ya ce ya ba ka wurin kyauta, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya rasu, kuma zamanku gida ɗaya na iya sa a yi jayayya kan karɓar. In wasiyya ya bari, ta halatta gare ka tun da kai ba magaji ba ne, muddin ba ta wuce sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar.

Nemo rasiɗin siminti da kwano, da bayanan banki, da maginin da ka biya da hannunka. Kada ka dogara da mahaifiyarka, ba a cika karɓar shaidar uwa ga ɗanta ba. Mai da'awa a kan mamaci kuwa, yawanci sai ya haɗa da rantsuwa.

Ita mahaifiyarka magajiya ce. Matan mamaci suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tun da ya bar 'ya'ya, su biyu za su raba. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma in gidan mallakarsa ne tana da haƙƙin zama har ta gama. Shi ya sa gaggawar nan ta sa kwaɗo ba ta kwanta mini ba. Ba a yi rabo ba, babu magajin da ya san wane ɗaki ne nasa, balle ya kulle kayan wani a ciki.

Duk da haka kada ka fasa kwaɗon, za ka mayar da rigimar gado ta zama ta 'yan sanda. Ka samu ƙanin marigayin ko wani dattijo da suke jin nauyinsa, tare da malamin da zai raba gadon, a zauna sulhu. Ka nemi a kimanta ginin a biya ka, ko a sanya ɗakin cikin kason mahaifiyarka. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. In sun ƙi zama, sai ka kai takardun ga lauya ya gani kafin a fara rabon.