Ina baƙaƙen fata a tsofaffin finafinan Kirsimeti?

Tambaya: Malam, duk ƙarshen shekara tashoshin talabijin kan maimaita tsofaffin finafinan Kirsimeti na Amurka, kuma na lura da wuya a ga baƙar fata a cikinsu in ba a matsayin mai aikin gida ba. Shin ƙarancin 'yan wasa ne ya jawo haka? Kuma ya dace in ci gaba da kallonsu tare da yarana? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, idonki ya gane miki daidai, sai dai 'yan wasa ba su yi ƙaranci ba, ƙofa aka rufe musu. A It's a Wonderful Life na 1946, Lillian Randolph ta fito a matsayin Annie, mai aiki a gidan iyalin Bailey. A ƙarshen fim, sa'ad da mutanen gari ke ta zube kuɗi a kan tebur domin ceto George Bailey, jarumin fim ɗin, ita ma ta kawo ɗan abin da ta tara, amma har labarin ya ƙare mai kallo bai san gidanta ba, balle danginta. Wanda ya fi sosa mini rai shi ne Holiday Inn na 1942, inda Bing Crosby, wanda farar fata ne, ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata a waƙar tunawa da Abraham Lincoln, alhali Louise Beavers, baƙar fata gwanar wasa, aikin girki aka ba ta.

Dalilin haka doka ce da kasuwa. Ƙa'idojin tace finafinai na Hays, waɗanda aka tsananta aiki da su daga 1934, sun hana nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, sannan kamfanonin Hollywood suna tsoron rasa 'yan kallo a jihohin kudu, inda wariyar launin fata take da ƙarfin doka, har ma mai tace finafinai na birnin Memphis, Lloyd Binford, ya yi ƙaurin suna wajen yanke wuraren da baƙaƙe suka fito da mutunci. Gyara ya zo a makare: sai a 1996 aka sake shirya The Bishop's Wife na 1947 da sunan The Preacher's Wife, inda baƙaƙen fata biyu, Denzel Washington da Whitney Houston, suka ja ragama.

Game da yara kuwa, ban ga laifin kallo ba, matuƙar kina zaune tare da su. Wasu tashoshi kan cire waccan waƙa ta Holiday Inn, amma ni na fi son a bar ta a yi bayani, domin yanke ta na ɓoye wa yaro abin da ya faru a zahiri. Idan Annie ta shigo, ki tambaye su ina suke zaton take kwana, kuma da wa take nata bikin, sannan ki faɗa musu sunan matar da ta yi wasan, wadda ta sake fitowa a shirin talabijin na Roots a 1977.