Ruwan sha daga teku da zafin ƙarƙashin ƙasa

Ka tambaya ko rijiyar ruwan zafi mai digiri 70 a tsibiri mai aman wuta za ta iya fitar da ruwan sha daga teku. Za ta iya, muddin ka rage matsin iska. Idan matsin ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wanda muka saba, ruwa yana tafasa a digiri 60. A tsibirin Kimolos na Girka an gwada hakan da ruwa mai zafi kusan haka.

Ana jera tukwane rufaffu masu ɗauke da ruwan teku, zafin ruwan rijiyar kuma shi ke tafasa ta farko. Tiririn tukunyar farko shi ke tafasa ruwan ta biyu, wadda matsinta ya fi ƙasa, haka har ta ƙarshe. Tiririn da ya huce shi ne ruwan shan.

Kada ka bari ruwan rijiyar ya shiga tukwanen. Yana ɗauke da silika, wato ma'adinin da ke cikin yashi, da iskar sulfa mai cin ƙarfe. Ka bi da shi ta na'urar musayar zafi mai farantan ƙarfen titaniyom, wadda ke ɗaukar zafinsa ba tare da ya haɗu da ruwan teku ba, sannan ka mayar da shi ƙasa ta wata rijiya. Silika tana iya daskarewa yayin da ruwan ke hucewa, ta toshe bututun mayarwa.

Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a lita. Kada zafinsa ya wuce digiri 70, in ba haka ba ɓawon kalsiyam zai rufe bututai.

Ruwan shan da ya fito daga tukwanen salam yake, yana kuma cin bututu, don haka a ratsa shi ta tsakuwar farar ƙasa kafin a raba wa jama'a.